Magagi da Faifan da Inna Habsa Ta Wanke da Toka

Kowace safiya, kafin mahauta su rataye nama a kasuwar Filinge, Magagi yakan buɗe shagonsa na bayan tasha, ya share ƙofa, ya ɗauko tsumma ya goge kwamfuta a hankali kamar mai yi wa jinjiri wanka. Daga nan sai ya zauna jiran wuta. In ta zo ya yi aiki, in ba ta zo ba ya yi mita, kuma ni nake shan mitar, domin tun da na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, bencin ƙofar shagonsa ya zama ofishina. Sana'arsa ɗaukar bidiyon aure da suna da dawowar alhazai. Ya zuba a faifai, ya rubuta sunan mai shi da ajami, ya miƙa.

Ya fara a 2010, shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Suka tafi, farar hula suka zo, sojoji suka sake dawowa, Magagi yana nan kan kujerarsa da manhaja ɗaya tak, wadda aka saka masa a Yamai ran da ya sayi kwamfutar. Ba ya karanta Faransanci, balle Turanci. Wuraren dannawa ya haddace: na uku daga hagu, sai ja, sai koren nan na ƙasa. Na gaya masa ya fi sau hamsin ya koyi wata saboda gaba. Amsarsa ba ta taɓa sauyawa ba: "Mushe, wagga da ni ke da ita, mi ta yi min?" Mushe, daga Faransanci, haka ake kiran malamin lakwal a nan. Mutumin nan taurin kansa ya isa ya sa wa mai lafiya hawan jini.

Na san wani zai ce wa ke kallon faifai a zamanin waya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana a ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai ba. Waya tana faɗawa rijiya, jika yana goge bikin kakarsa don ya zuba waƙoƙi. Faifai kuwa yana cikin kwalla tare da takardun haihuwa, kuma laktar, wato na'urar kallonsa, tana aiki da batirin rana.

Da bazarar bara kwamfutar ta mutu. Allah ya taimaka mai gyara ya ceto bidiyoyin da ke cikinta, shekara goma sha huɗu na bukukuwan mutane. Magagi ya samo wata ta hannu daga Yamai, muka saka manhajar, ta ƙi buɗewa. Na karanta masa abin da ta rubuta: kamfanin ya daina yin ta, ba gyara, ba sabuwa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Wani can a ƙasarsu ya tashi da safe ya yanke cewa duniya ta gama da faifai. Bai tambayi mutanen garin Sanam ba, bai tambayi na Bankuku ba, ya rufe ofis ya tafi shan shayinsa.

A makon nan ne wata mata, Balkisu, ta kawo mahaifiyarta, Inna Habsa, daga wani ƙauye kusa da Damana. Tsohuwar ta kwance bakin zane ta fito da faifai. Magagi ya ɗaga shi ga haske, sai na ji ya yi salati. Bayan faifan ya yi fari fat, duk zane-zane.

"Inna, mi anka yi mai?"

"Tsalle shi ka yi in ana kallo, ɗana. Nac ce dauɗa ce. Na sa toka na dirje shi da kyau, awa kwano."

Na buɗe baki zan yi magana, Magagi ya taka mini ƙafa. Balkisu ta yi mana bayani. Faifan aurenta ne, na shekarar da Magagi ya fara aiki. Mahaifinta, Malam Kailu, ya rasu damina biyu da suka wuce, kuma duk duniya babu inda muryarsa ta saura sai a cikin wannan bidiyo. Tun ran da faifan ya lalace tsohuwar ta rage cin abinci. Magagi ya duba ya ga bidiyon yana cikin waɗanda aka ceto. Ga shi muna kallonsa a kwamfuta, amma babu hanyar fitar da shi zuwa laktar ɗin Inna Habsa.

Muka shiga neman madadi, ni ina karantawa shi yana dannawa. Manhaja ta farko ta yi faifan, amma ta buga sunan kamfaninta da manyan baƙaƙe a kan fuskar amarya daga farko har ƙarshe. Ta biyu ta yi faifai mai kyau a kwamfuta. Ni har na fara murna, Magagi ya ce a'a, sai an aiko da laktar ɗin tsohuwar kanta. Aka kawo ta a motar kasuwa, muka saka, ta yi ƙugi ta tofo shi waje. Kowane gwaji faifai guda yake ci, ga iyaka a rufe, sabon faifai ya yi wuya ko a Yamai. Da tara muka fara. Kafin mu farga saura uku.

Ta uku tana aiki da laktar, sai dai ba ta wuce minti talatin, bidiyon kuwa awa ɗaya da rabi ne. A nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa ya yanke. Ya bar ɗaurin aure da addu'ar da Malam Kailu ya yi wa ƴarsa, ya zubar da sauran, tunda rabinsa ƙafafun mutane ne da awaki, lokacin hannunsa bai faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Mushe, kai yara ka sani, ni tsohi ni sani. Ba ka san inda mutum ya aje ranai cikin faifan sede ba. Ban yanke komi." Na ce to ya nemi wani mai karanta masa, na ɗauki hulata na tafi. Kwana biyu ban leƙa bencin ba, kuma ba na alfahari da hakan.

Ran na uku sai ga shi a ƙofar gidana da kwalin sabulu a buɗe da alƙalami. Ibrah, sakataren ofishin magajin gari, ya nuna masa wata manhaja ta huɗu, ta kyauta, mai ɗaukar dogon bidiyo, amma tana da wuraren dannawa kamar tururuwa. Bai yi zancen faɗanmu ba. Cewa ya yi in karanta masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya zana kowanne a kan kwalin, ya rubuta aikinsa da ajami, ya manna a bango. Mako uku muka yi, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, faifai biyu suka sake tafiya.

Kai ne, Magagi, mai shekara hamsin da takwas da ido mai hazo, ka koma ɗan aji ɗaya saboda tsohuwar da ba danginka ba. Kai ne ka ƙi sauraren malamin lakwal, kuma gara da ka ƙi. Mai kan dutse, amma dutsen da ake jingina da shi.

Ranar wata kasuwa da la'asar Balkisu ta dawo da uwarta. Muka saka faifan ƙarshe a laktar ɗinta, ya tashi. Aka nuna ɗaurin aure, tsohuwa ba ta motsa ba. Malam Kailu ya yi addu'arsa mai tsawo, ta shafa kawai. Na zunguri Magagi, ina nufin ya ga wahalar banza da ya ba mu. Can wajen awa guda aka zo inda Magagi ya sauke kyamara ran bikin bai kashe ba, ba a ganin komai sai ƙafafu da gindin randa. Sai ga murya daga gefe, a fusace:

"Habsa! Ina hulata? Kullum sai kin ɓoye min hula!"

Tsohuwar ta miƙe zaune, ta nuna talabijin da yatsa. "Tana bisa kanka, Malam. Kullum tana bisa kanka."

Balkisu ta ce mini a hankali, nan ne wurin da uwarta take sa a mayar mata kowace Juma'a, ta ba shi amsa, sannan ta tashi ta ɗora tukunya. Wannan wurin na ce a zubar. Kunya ta kama ni, hawaye kuma suka zo mini ban shirya ba, na fita na tsaya ina kallon motocin tasha.

Magagi ya ce bayan layya zai rufe shago saboda idonsa. Kafin nan ina so ya ji godiya da kunnensa, daga gare ni da na fi kowa yi masa tsiya, da kuma gidajen Kurfai da ya adana musu muryoyin nasu. Allah ya saka maka da alheri, Magagi, ya ba ka lafiyar ido. Ku kuma matasan da kuka fi shi sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, ku zo ku zauna kusa da shi kafin layya, ku koyi yadda ake riƙe kayan mutane ba a rage ko minti ɗaya ba. Jiya na gamu da Balkisu a kasuwa. Ta ce Juma'ar da ta wuce Malam Kailu ya sake tambayar hularsa, kuma an ba shi amsa.