Bakin Ɗan Gambara a Sunan Ɗan Ƙanwata

Ana idar da sallar asuba muka kora jakuna muka bar Tasawa, mu uku: ni, da gwaggona, da wani maƙwabcina da zai je sayen gishiri. Tun da na dawo kuke tambayata yadda tafiyar ta kasance, to ku gyara zama.

Ƙanwata ce ta haihu. Kun san bara waccan ta auri wani Ba'abzine da ke saukar da gishiri a gidanmu kowace kaka. Ya tafi da ita wani ƙauye arewa da Mayahi, inda danginsa ke kafa bukkoki kusa da manoma, suna shan rijiya ɗaya. Na ɗauki turkuɗin da na rina da hannuna, gwaggo ta ɗaure daddawa da yajin jego. Ta ce in ba ta je ba Abzinawa za su ƙarasa mata ɗiya da madara zalla.

Hanyar yashi ce, ƙafa na nutsewa, jaki na tsayawa yana tunani. Amma kaka ta yi kyau bana. Ko'ina dammunan gero a jingine, mata na sussuka, kuma duk ƙauyen da muka ratsa sai an miƙo mana fura. Saboda labarin mahara ba mu yarda mun tafi mu kaɗai ba. Muka jira a bakin wata rijiya har muka zama ɗan ayari: Fulani da takarkarinsu, wani Babarbare mai kanwa, da wani Azne ɗauke da tulun zuma.

Nan wani ɗan gambara ya same mu. Gajere ne, da 'yar ganga a rataye, irin mutanen nan da ke cin abinci da bakinsu, suna yi wa kowa ba'a a biya su. Bai gama sallama ba ya fara aiki. Ya kwaikwayi Hausar Fulani har su kansu suka riƙe ciki. Ya ce Babarbare ko gaisuwa sai ya nemi ragi. Ya dubi hannuwana da shunin baba ya rine, ya ce ni ranar ƙiyama ba sai an tambaye ni sana'ata ba. Gwaggo kaɗai ya sarara wa, don ta ce mashi da tsawonsa ya kai na harshensa da tsaye zai riƙa tsinko goruba.

Mun iske Mayahi ranar kasuwa. Ayarin Abzinawa bai daɗe da sauka ba, shi ya sa kantun gishiri ya yi araha, ga cuku, ga dabino, ga tabarmin kaba jibgi-jibgi. Goro kuwa sai dai ka gaishe shi ka wuce. Ban taɓa ganin mutane masu launin fata iri-iri a wuri ɗaya kamar nan ba: ja, baƙi, wankan tarwaɗa, kowa da askar gidansu a kumatu, wasu fuskar ma a naɗe sai idanu. Ɗan gambara ya shiga tsakiyarsu kamar kifi a ruwa. Bagobiri ya ba shi abu ya tsokani Bakatsine, Bakatsine ya ƙara mashi ya rama. Har wani mai awo da ke cusa babban yatsa cikin mudu ya yi wa waƙa, mata suka yi ta guɗa, don sun daɗe suna gani ba su da bakin faɗa. Da ya ji suna za mu je, bai nemi izinin kowa ba ya biyo mu.

Na iske ƙanwata lafiya lau a bukkar tabarma, ta yi ƙiba. Uwar mijinta ke kula da ita, wata tsohuwa fara siririya mai dogon hanci, Hausarta a karye. Jaririn baƙi ne wuluk kamar marigayi babanmu, uban yaron kuwa ya kasa rufe baki don murna. Mutum ɗaya ne bai amsa gaisuwata ba, baffan mijin. Ƙanwata ta ce mani tun farko shi ya ƙi auren, wai jininsu ba ya gauraya da na baƙaƙe. Na ji haushi, amma in faɗi gaskiya, gwaggo ma duk tsawon hanya cewa take Abzinawa ba su san wanka ba, kuma kowanensu mahari ne da bai samu dama ba.

Ranar suna liman ya raɗa wa yaro Mamman, aka yanka rago. Da hantsi manoma suka zauna gefe guda, Abzinawa gefe guda. Buzayensu, waɗanda ke yi masu kiwo da jan ruwa, baƙaƙe kamar mu, suna can bakin rijiya suna aiki da bijimin sa mai jan guga. Ɗan gambara ya buɗe da lomar liman, ya koma kan hancin tsohuwa, ya tambayi masu naɗin fuska ta ina suke gane bakinsu in za su ci tuwo. Kowa na dariya. Sai na ga baffan ya yafito shi bayan bukka. Da ya dawo, akwai sabon rawani a kafaɗarsa.

Ya sauya kiɗa. Ya ce an zuba madara a karofin rini ta fito baƙa. Ya ce in yaron ya girma a miƙa mashi guga, don ba mai iya bambanta shi da bayin gidan.

Daga cikin bukka na jiyo kukan ƙanwata. Mijinta ya miƙe hannunsa a kan takobi. Samarin manoma suka ɗauki sanduna, wani ya ce daga yau a ga Ba'abzinen da zai sake shan rijiyar nan. Buzayen suka tsai da sa, igiya a hannu, suna kallo. Ni kaina na tsinci kaina a tsaye, ban san lokacin da na tashi ba.

Ɗan gambara ya ja da baya, ya ce, "Ranku ya daɗe, ni ɗan gambara ne. Tun kakanni ba a kama bakinmu. Ko sarki muna faɗa mashi."

Sai ga tsohuwa ta fito rungume da jaririn, ta tsaya tsakanin ɗanta da shi. Ta ce ba mai taɓa ɗan gambara. Sannan ta juya gare shi.

"Ka yi wa hancina waƙa na yi dariya, don ina da bakin ramawa. Wannan da wane baki zai rama? Kuma kalmar da ka liƙa mashi ba wasa ba ce a ƙasar nan. Wanda ta bi, ana hana shi gadon ubansa, ana iya ɗaure shi a kai kasuwa." Ta nuna rijiya da haɓa. "Su kuma waɗancan da ka yi zagi da su, ruwan da ka sha da safe su suka jawo shi."

Samari suka ce a farke gangar a kore shi. Mai gari, wani dattijon manomi, ya hana. Ya ce bara wani ɗan gambara ya yi mashi waƙar rowa a gaban matansa, ya ji zafi ƙwarai, amma washegari ya buɗe rumbu. "In muka fasa ganga yau, gobe wa zai faɗa mani?" Sai dai ya ce bakin da aka saya don a sa wa jinjiri igiya a wuya ya bar gambara ya koma wani abu. Hukuncinsa shi ne ɗan gambara ya mai da abin da aka ba shi, ya kuma janye maganar a gaban duk wanda ya ji ta.

Ɗan gambara ya sauke rawanin ya ajiye a gaban baffan. Bai kira suna ba, ba a kuma buƙata ba. Ya durƙusa a ƙofar bukka ya roƙi ƙanwata gafara. Daga nan ya taka har bakin rijiya ya roƙi Buzaye. Babbansu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mun ji. Matsa, sa zai wuce."

Baffan ya hau raƙuminsa ya tafi bai ci nama ba, amma matarsa da ɗiyansa mata suka ƙi tashi. Uban yaro ya ɗaga Mamman a gaban liman da jama'a, ya ce ɗansa ne, ɗa ne ba bawa ba, kowa ya shaida, ya kuma ba shi taguwa, wato raƙuma. Kafin azahar manoma da Abzinawa sun sa hannu a akushi ɗaya. Gwaggo, mai cewa ba za ta kwana biyu cikin mutanen nan ba, ta ce in koma abina, ita sai an yi arba'in.

Muka juyo da maƙwabcina, jakuna na nishi da gishiri. Ɗan gambara ya rako mu har Mayahi. Bai daina tsokana ba, ya dai yi ta ƙorafi cewa rawanin ya so ya yi mashi kyau. Da za mu rabu ya ce mani, cikin muryar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, kukan ƙanwata bai bar kunnensa ba.

Ba zan ce maku komai ya gyaru ba. Baffan yana nan da zuciyarsa, Buzaye suna nan da igiyarsu. Amma na ga gari ya ƙi fasa ganga, ya kuma ƙi barin a taka jariri da ita. Abin da na dawo da shi ke nan: mutane iri-iri na iya zama wuri ɗaya su yi ta tsokanar juna, har zaman ya fi daɗi, muddin wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma in an tashi zai koma gida da mutuncinsa.

Na shigo Tasawa da la'asar. Ban ko sauke kaya ba wata tsohuwar unguwarmu ta leƙo ta kan danga ta ce, "To, yaron ja ne ko baƙi?"

Na ce, "Iya, Mamman ne. Lafiyarsa ƙalau, kuma yana da kaka da ba a wasa da ita."