Baitocin da Na Auna a Dutsen Niƙa

Ina fiƙe alƙalami a zaure bayan la'asar, wani bafatake daga Kebbe, inda yayata take zaune, ya ɗaure jakinsa a ƙofar gidana. Bai taɓa ruwan da aka kawo masa ba. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Yayarka ta cika shekaranjiya, an yi mata sutura." Na ajiye wuƙar, na yi mata addu'a, na tambaye shi ko ta sha wuya. Ya ce, "Kwana fuɗu ta yi kwance."

Ni ba babban malami ba ne. Na sauke Alƙur'ani, na karanta 'yan littattafan fiƙihu, sai waƙoƙin wa'azi da nake tsarawa a nan Tambuwal, mata su haddace. Ilimin auna baiti ban karanta shi ba. Yayata ce ma'aunina. Duk abin da na tsara nakan kai mata, ta rera shi tana niƙa. In baitin ya tafi tare da ɗan dutse, ya yi. In hannunta ya tsaya, sai ta ce, "Wannan gurgu na, koma da abinka."

Bayan rasuwarta damina biyu ban tsara komai ba. Salla ma jiki ne kawai ke yi, zuciya ba ta motsi, amma ban bar ko ɗaya ta wuce ni ba. Kowace Alhamis nakan dafa tawada, ta bushe a kasko, in sake dafa wata. Abokai suka ce in haɗa ko mene ne, ba mai ganewa. Na ƙi. Har yau ina alfahari da wannan: ban taɓa ba matan garin nan baitin da ban yarda da shi ba.

Wata rana da hantsi na tarar da matata tana niƙa gero. Na ce ta matsa. Ta ce, "Malam, mi za ka yi? Maƙwabta na leƙe ta darni." Na ce su leƙa. Na durƙusa, na tura, na jawo. Garin ya fito tsaki-tsaki. Ta duba ta ce, "Tuwon yau kai ɗai za ka ci shi."

Kullum na riƙa komawa. Labari ya kai har kasuwar Dogon Daji cewa malam ya koma niƙa. A rana ta tara baiti ya zo, daidai da tafiyar dutsen. Na maimaita shi sau uku, hannuna bai tsaya ba. Na tashi da gari a gemu, na rubuta shi a allo. Azahar ɗin ranar na daɗe a sujada.

Waƙar da na fara marsiyyar yayata ce. Baiti goma sha ɗaya na samu a haka. Na goma sha biyu shi ne zai faɗi cewa an binne ta ba na nan, kuma duk sa'ad da na kai shi dutse hannuna tsayawa yake yi. Ban gama ta ba.