Kududdufin Ƙarshen Titin Jirgi

'Yar Awo ake ce mata, saboda tef ɗin awo ba ya barin jakarta. Sana'arta tana da wuyar bayani ga dangi. Akwai mutanen da ke tuƙa jirgin sama a kwamfuta daga cikin ɗakunansu, wasu don koyo, wasu don sha'awa. Ita ce ke gina musu filayen da za su sauka. Gwaggonta ta daɗe da yanke hukunci cewa yarinyar nan wasan yara take yi da wutar lantarki.

Amma duk wanda ya taɓa sauka a filin da ta gina, sai ya yi jim. Tsagewar kwalta tana nan inda take a zahiri. Tsatsar da ta gangaro daga tagar hasumiya, lanƙwasar shingen da wata motar mai ta taɓa gogawa, fentin da rana ta cinye a gefe guda ta bar ɗayan, duk ta sa. Takan kwashe sati tana gyara launin ciyawa. Wani tsohon matuƙi ya taɓa rubuto mata cewa da ya sauka a filinta, sai da ya ji ƙamshin man jirgi.

Idon nan a wurin Baba ta gada. Shekara ashirin da shida ya yi yana korar tsuntsaye daga titin jirgin garinsu, da jiniya da tuta da tsawa. Tana ƙarama takan kai masa abinci ta tsaya a bayan shinge, ba a taɓa barinta ta shiga ba. Don haka da ta yanke shawarar gina wannan filin, ba a matsayin aiki ta ɗauke shi ba. Nata ne.

Sai ga Injiniya ya sanar shi ma filin yake ginawa. Ba injiniyan komai ba ne, shi ya laƙaba wa kansa. Da can tare suke aiki, suka ɓata a kan sunan wa zai zo farko. Shi kuma ya samu abin da ba ta samu ba: izinin shiga cikin shinge da kyamara.

Wata safiya saƙo ya shigo daga wani da ba ta sani ba. Ɓarayin intanet sun kwashe aikin Injiniya tun bai gama ba, ga shi an turo mata kyauta. “Ki duba abin da yake taƙama da shi,” in ji mai saƙon.

Ta gaya wa kanta za ta buɗe ne don ta tabbatar ko bai saci nata ba. Ƙarya ce, ta kuma san ƙarya ce. So take ta ga aikin ya yi muni.

Bai yi muni ba. Ta ɗaga ƙaramin jirgi a kwamfutar ta zagayo, ta nufo titin daga gabas. A can ƙarshen titin, inda ba a hangowa daga waje, akwai wani ɗan kududdufi, ruwansa ya kwanta a kwarin da kwalta ta lotsa, gajimare na tafiya a cikinsa. Sau biyar tana zagayowa don ta sake ganinsa. Ta goge fayil ɗin kafin shayinta ya huce. Sai dai ido ba ya goguwa. Bayan kwana tara, ga kududdufi a ƙarshen nata titin, har ta soma yarda cewa ita ta ƙirƙiro shi.

Duk Asabar da hantsi mijinta yakan ɗauko Baba ya zo duba aiki. Yakan ja kujera har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya yi ta kushe.

“Wannan ciyawar taki ta yi tsawo. Da a lokacina ne, an kore ni.”

“Baba, milimita nawa zan rage?”

“Ni na san milimita? Rage kawai.”

Ta matsa da hoton gaba. Baba ya ƙara matsowa. Ya ɗora yatsa a kan allon, abin da ta hana kowa yi.

“Allahu Akbar,” ya ce a hankali. “Maƙiyina ne wannan. Nan balbelu ke taruwa bayan ruwa. Sau nawa na roƙa a cike shi!” Idonsa ya kawo ruwa, yana dariya. Sai ya juyo. “To ke a ina kika gan shi? Ban taɓa ba ki labarinsa ba. Daga shinge kuma ba a gani.”

Mijinta ya ce, “Ai Baba, 'yarka aljana ce.”

Ba ta yi dariya ba. Tambaya kawai Baba yake yi, ba tuhuma a muryarsa, shi ya sa abin ya fi ciwo. In tsoho mai raunin ido ya gane, Injiniya zai gane a saukar farko. Ko da bai gane ba, sunanta a wannan sana'a a kan abu guda ya tsaya: abin da ta sa, ta gan shi.

Ta fita tsakar gida ta kira lambar da ta shekara uku ba ta kira ba.

“Wa nake ji haka?” in ji Injiniya. “Tef ɗin ne ya tsinke?”

“An sace aikinka. Yana yawo. Ka canza duk makullan sirrin kwamfutarka yau.”

Ya ce, “Ke ya aka yi kika sani?”

“An turo mini.”

“Kin buɗe?”

“Na buɗe. Na kuma kwaikwayi kududdufinka. Yanzu zan cire.”

Ta ji yana fitar da numfashi. Ta shirya wa zagi, har ta so ya zage ta a wuce wurin.

“Ya yi kyau?” ya ce.

“Kai dai ka cika son yabo. Ya yi.”

Ta cire shi a gaban Baba, yana mita cewa ta lalata wuri mafi gaskiya a filin. Ranar da ta fitar da aikin, ta ƙara layi uku a ƙasan bayani, inda kowa zai karanta: akwai kududdufi a ƙarshen titin gabas, ba ta gan shi da idonta ba, sai a kwafin sata da bai kamata ta buɗe ba, mai son sa ya jira na Injiniya.

Wasu sun daina sayen aikinta. Wasu sun ce tsoron Allah ne. Mijinta, da ya fi su saninta, ya ce girman kai ne zalla: ba za ta iya zama da abu mafi kyau a filinta ba alhali idon wani ne ya gano shi. Ba ta musa ba.

Asabar ta gaba aka yi sallama a ƙofa. Injiniya ne, da littafin rubutu a hannu, ya ƙi kallonta. Ya durƙusa ya gaida Baba.

“Baba, balbelun nan, ta wane gefe suke sauka?”

Baba ya gyara zama. “Miƙo masa kujera,” ya ce da 'yarsa. “Wannan ba maganar tsaye ba ce.”