Kumatun Rabi

"Ke dai dubi kumatun nan, Rabi ta samu wuri!" Inna ke nan, tana juya fuskar ƙanwata a gabana.

Na duba. Fuska kamar faifai, hannuwa kamar sillen kara.

Na ce Rabi ta nuna mini abin da take sha. Ƙwayar ƙiba ce daga kasuwar Lolo ta bakin iyaka, rubutun jikinta na Faransanci. Wata bakwai ke nan tana sha kullum.

Na yi musu bayani. Akwai wasu 'yan ƙulloli biyu a saman ƙoda da ke yin sinadarin da ke riƙe jini da ƙarfin jiki. In ana haɗiyar irinsa daga waje, kamar a ƙwayar nan, sai su yi barci. Kumatun nan kumburi ne.

Inna ta fizge ƙwayar ta nufi masai. Na riƙe hannunta.

"Inna, in ta bari yau ɗaya, jininta na iya faɗuwa ta tafi. Likita ne zai rage mata sannu a hankali."

"Ke ɗiyag ga, dahi ne ko ba dahi ba?"

"Dafi ne."

"Kuma ta ci gaba da sha? Wanga boko naku!"

Digiri dai gare ni. Ku da wane baki za ku fahimtar da uwa wannan?

Ta ja Rabi ɗaki, ƙwayar na hannunta, ta rufe ƙofa. Ni dai na fita neman motar asibiti.