Ƙwan Jimina na Kan Ɗakin Inna

Shekarun baya, sa'ad da Nasara suka gama kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, ni ɗan kasuwa ne mai jakuna, ina ji da kaina ƙwarai. Mahaifina maharbi ne, amma ban gaji baka ba, tun ina saurayi na bi fatake. Cikin kayan da nake kaiwa Kano har da gashin jimina, don a lokacin kasuwarsa ta buɗe, wai matan Turawa ke soka shi a hula. Ko ido rufe, da shafa kawai ina raba gashin namiji da na mace.

A wajenmu, Garu, ɗakin matar maharbi ba ya ɓuya. Idan maharbi zai yi aure, sai ya shiga daji ya nemo gurbin jimina, ya ɗauki ƙwai ɗaya tak, ya bar mata sauran. A tsiyaye shi, a kafa a tsororuwar ɗakin amarya. Na mahaifiyata yana can sama tun kafin a haife ni. Daga ƙasa na saba hangensa, ban taɓa riƙe shi a hannu ba.

Bayan rasuwar mahaifina, wata iskar bazara ta ɗage jinkar ɗakin, ƙwan ya faɗo ya tarwatse. Inna ta tsince ɓawon a gefen zanenta. Ba ta yi kuka ba, amma daga ranar tuwonta ya riƙa dawowa kamar yadda aka kai shi.

"Shi kaɗai ubanka yab bar min," in ji ta. "Ban son in mutu ɗakina na tsirara awa na baƙuwa."

Ni kuwa, da bakin nan nawa da ba ya shawara da ni, na ce a gaban mutane kafin ruwa ya sauka za ta ga sabo.

Na fara da wani tsohon maharbi, aminin mahaifina. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Jimina? Kai da kak kwashe gashinta zuwa Kano, ni kaka tambaya?"

Ya ce tun da gashi ya yi daraja aka bi su da bindiga, aka kwashe 'ya'yan, aka bar ƙwan ba uwa. Shi kansa ya manta rabon da ya ga ko sawunta. Ban yarda ba. Na je Araba, na je Lafani, na tambayi makiyaya a rijiyoyi, kowa sai ya ce a da dai akwai.

Hadari ya fara haɗowa lokacin da na shiga kasuwar Ƙonni. Can wani mutum ya ji abin da nake nema, ya ja ni gefe, ya zaro shi daga buhu. Fari fat, an yi masa ragar jar fata da tuntaye, aikin dukanci mai kyau. Ni da nake yin ciniki a kan allura har mai ita ya gaji, ranar ko tayi ban yi ba.

Da na dawo sai da na tara maƙwabta, don ba na son alherina ya tafi ba shaida. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Allah shi yi maka albarka. A ɗora." Da kaina na hau na kafa shi a kan sabuwar jinka.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Da safe dariyar mata masu zuwa rijiya ce ta fito da ni. Farin ruwa ya bi jinka ya zubo layi-layi, can sama kuma ga duma zaune cikin ragar fata. Duma ne aka goge, aka shafe da farar ƙasa da ƙaro. Tsohon maharbin nan yana tsaye a bakin danga, ya ce, "Ashe barewa na gudu ɗanta shi yi rarrafe." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗauko tsani da gudu, sai Inna ta fito ta riƙe shi.

"Bar shi nan."

"Inna, duma ne."

"Na sani tun ranar. Ƙwan jimina in ka ƙwanƙwasa, ƙara shikai awa tangaran."

"To mi yas sa ba ki hwaɗi ba?"

"In hwaɗi ka koma ina? Da akwai saura cikin daji, da ka kawo min. Bar shi, masu wucewa su ga abin da yar rage muna."

Na mayar da tsanin. A ƙarƙashin duman nan ta ƙarasa kwanakinta, kuma ta koma cin tuwonta, abin da har yau ban gama ganewa ba.

Zan so in ce daga nan na tuba da fataucin gashi, amma ƙarya ce. Kasuwar ce ta mutu da kanta, matan Turawa suka sake ado. Dariyar mutane ta daɗe da daina yi mini ciwo. Abin da ke ba ni kunya har gobe shi ne na san tsuntsuwar nan a cikin buhu, ban san ta a raye ba.

Duk sa'ad da duman ya ruɓe nakan sa wani, ba fenti, tun da ta ce a bar shi. Kwanan baya na ji jikata tana nuna wa ƙawayenta, tana cewa ga ƙwan jimina can. Na buɗe baki in gyara mata, sai ta riga ni.

"Kaka, wai jimina da gaske ce, ko cikin tatsuniya take?"

Na ce, "Da gaske ce. Ni nak kai ta Kano bisa jaki."