Tawul Shida a Kula Ɗaya

Shekara goma sha tara Tsaf-Tsaf yana aski a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifa. Masu zuwa aski ne suka laƙaba masa sunan, domin mutum ne da ko silin gashi ya hango a kan benci sai ya tsince shi kafin ya amsa gaisuwa. Kilifarsa a gaban idonka yake wanke ta da sifirit. Reza kuwa sai ya ɗaga ta sama ya yage takardarta kowa na kallo. Amma abin da ya fi jawo masa jama'a shi ne tawul mai ɗumi. In ya gama aski, sai ya lulluɓe wa mutum ƙeya da haɓa da ɗan ƙaramin tawul, ya danna a hankali. Wasu ma ba askin ke kawo su ba, wannan minti biyun ne.

Wanda ya fara zama a kujerarsa ranar da ya buɗe shago wani shugaban makaranta ne, wanda har bayan ya yi ritaya kowa ke kira Hedimasta. Rabin masu cika bencin ɗalibansa ne na dā. Inda ya kai kansa, nan suke kai nasu.

Wata Talata Hedimasta ya shigo, bai zauna ba. Ya cire hula ya juya baya.

"Duba min nan, Tsaf-Tsaf. Ni ba ni da ido a ƙeya."

Ƙananan ƙuraje ne birjik, kowanne da ɗigon farin ruwa a baki da gashi ɗaya tsaye a tsakiyarsa.

"Ai ƙurajen zafi ne, ranka ya daɗe. Zufa ce."

"Shekara saba'in ina zufa, ba ta taɓa yi min haka ba. Tela ya nuna min nasa, direba ma haka. Mu ukun kujera ɗaya muke zama." Ya mayar da hularsa a hankali, yana cije leɓe. "Sati biyu na ba ka. In ba ka gano dalili ba, zan tsallaka titi."

A tsallaken titin akwai sabon shagon aski na wani da ake kira Ɗan Gayu, mai fitilu kala-kala da kiɗa. Wata uku ke nan da buɗe shi. Tsaf-Tsaf ya tsaya a ƙofa yana ƙirga da yatsu: wata uku da zuwan Ɗan Gayu, wata uku da fara jin ana sosa ƙeya a bencinsa. Ya tuna ranar da mutumin ya shigo gaisuwa, ya ɗauki kilifa yana jujjuyawa, wai yana yaba ta. Ruwa ba ya tsami banza. Daga ranar ya daina amsa masa ɗaga hannu, ko bayan gida za shi sai ya kulle kilifa a aljihun tebur.

Sai zargin ya koma kan mai kemis, ko yana surka sifirit da ruwa. Ya zuba kaɗan a murfin kwalba ya kyasta ashana, wuta ta kama ɓal. Ya zubar da hodarsa ya sayo sabuwa. Ya canza buroshi. Daga nan ya taso wa matarsa.

"Da kayan yara kike haɗa min tawul a wanki, ko?"

"Shekara nawa ina wanke maka su? Yau ne hannuna ya zama guba? Ga bokiti, ga sabulu, Allah ya ba da sa'a."

Ya wanke da kansa, ya shanya a rana. Kwana biyar bayan haka mai katifa ya leƙo yana sosa haɓa.

Matar ce ta kira ƙanwarsa, wadda take aikin jinya a sashen masu ciwon fata. Ranar hutunta ta zo, ta ja kujerar roba zuwa lungun shagon ta zauna, jaka a cinya. Tun hantsi take bin aikinsa da ido. Shi kuwa sai ƙara ɗaga reza yake yi sama, yana satar kallonta ta madubi.

Wajen ƙarfe huɗu, da shago ya yi sauƙi, ta ce, "Yaya, su masu ƙurajen nan, da wane lokaci suke zuwa?"

"Hedimasta da yamma. Tela in ya tashi daga aiki. Direba ma haka."

"Masu zuwa da safe fa?"

Ya ƙirga da yatsu. Babu ko ɗaya.

Ta tashi ta nufi babbar kular da ke ƙarƙashin tebur, irin wadda ake zuba abinci don kada ya huce. Ta buɗe. "Ina rishon da kake dafa ruwa a kai?"

"Mai katifa ya kai ƙara wajen mai gida, wai wuta kusa da soso. Aka hana ni. Shi ne nake tafasa ruwa a gida in zubo a nan, in jiƙa tawul shida. Wata uku ke nan."

Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa, sai ya juya ya dubi kular.

"Sa hannunka, Yaya."

Ya sa. Ruwan ba zafi ba sanyi, ya yi dishi-dishi, guntayen gashi na yawo a sama.

"Tafasasshe ne fa!" in ji shi.

"Da safe ba. Yau mutum goma sha bakwai na ƙirga. Kowa ka goge shi, ka matse tawul, ka mayar cikin ruwan. Reza tana barin ƙofar gashi a buɗe, da 'yan yankan da ido ba ya gani. Ƙwayar cutar da ke fatar wani ta sami ruwa mai ɗumi ta yi ta hayayyafa, kai kuma ka ɗauko ka danna ta a tushen gashin na gaba. Har da tausa."

"Ko dai Ɗan Gayu ne ya aiko ki?"

"Shi ko tawul ba ya sa wa mutane. Rowa ce ta cece shi."

Ya zauna a kujerar askinsa, abin da bai taɓa yi ba. Da mai kemis ne, da ya san yadda zai yi da shi. Amma ɓarawon a cikin gida yake, kuma shi da kansa yake ɗauko shi kowace safiya a bayan keke.

Washegari ya sami Hedimasta a ƙofar gidansa yana karanta jarida. A hanya ya shirya cewa sifirit ne ya lalace. Da ya ga yadda tsohon ke zaune, wuya a sanƙare don kada kwalar riga ta taɓa ƙeya, sai ya faɗi gaskiya tun daga risho har kula. Ya ƙara da saƙon ƙanwarsa: kada ya matsa, kada ya sosa, ya riƙa wankewa da sabulu, ya gasa wurin da tsumma mai tsabta nasa shi kaɗai. Tunda kuma yana da ciwon suga, ya je asibiti a duba, ko zai buƙaci man shafawa.

"Sannan kada reza ta taɓa wurin sai ya warke. Ko a wajen wa."

Hedimasta ya dube shi ta saman tabarau. "Ko a wajen wa. Wato dabarar hana ni tsallaka titi ke nan?"

"In ka warke ka tsallaka, ranka ya daɗe. Ni dai na faɗa maka."

Sati uku bencin ya yi kusan wayam. Tsaf-Tsaf ya sayi butar lantarki da tawul dozin biyu, ya ajiye bokiti mai murfi na waɗanda aka yi amfani da su. Kular ya mayar gida, matarsa ta ce ko kaji ba za ta zuba wa dusa a ciki ba.

Ranar wata Talata da yamma Hedimasta ya bayyana, gashi ya taru masa fari fat. Ya tsaya a ƙofa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya buɗe bokiti, ya rufe. Sannan ya zaro ɗan tawul daga aljihu, a naɗe cikin leda.

"Nawa za ka sa min. Kuma a gabana ruwan zai tafasa."

Tsaf-Tsaf ya jona butar. Su biyun suka zuba mata ido har ta fara kuka. Sai a lokacin Hedimasta ya cire hula ya zauna.