Kofaton Gefen Taya

Sana'ata faci ce. Na haura shekara ashirin a rumfa ɗaya a kan hanyar Ƙofar Gayan, ina liƙe tayar babur da ta mota, in aiki ya yi sanyi in yanka takalmin taya in rataye. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutun. Abin ne ya daɗe a raina, na gaji da riƙonsa.

Matata tana da ƙane, magidanci ne, da matarsa da 'ya'ya biyu a Limancin Kona. Ya yi zaman Kaduna na ɗan lokaci, ya dawo da wasu ƙafafun ƙarfe da ya saya na hannu. Ana ɗaura su a ƙwauri, a bayansu akwai wani lanƙwasasshen sifirin, in mutum ya taka da ƙarfi sai ya cilla shi sama. Da su yake ci da iyalinsa. Duk wanda ya buɗe sabon shago a Tudun Wada ko Sabon Gari sai ya kira shi, ya rataya allon talla a ƙirji yana tsalle, jama'a su taru.

A ƙasan kowace ƙafa akwai 'yar roba da ba ta kai tafin hannu ba. Ita kaɗai ke taɓa ƙasa. Shi yana kiranta kofato. Kwalta tana cin ta sosai, sati biyu ko uku sai ka ga ƙarfe ya leƙo, kuma duk Zariya babu mai sayar da sabuwa. Shi ya sa yake kawo mini in yi mata rufi da taya, rufin ya cinye, kofaton ya tsira.

Akwai wasa tsakaninmu, irin na miji da ƙanin mata. Tun daga nesa yake farawa.

"Mijin Yaya, ga dokina na kawo a yi masa takalmi."

"Kai dai ka ƙi girma. Mutum da gemu yana tsalle kamar kwaɗo."

"Kwaɗon nan shi ya ɗinka wa matarka atamfa bara, kai kana nan kana hura wa taya iska."

Aikin yana da ƙa'ida. Daga bayan tayar mota ake yankowa, inda zane yake, domin zanen ne ke kama ƙasa. Amma wurin cike yake da waya. Wuƙa ba ta shiga, sai zarto, sannan ka bi bakin da fincis kana tsinke wayar tana sukar yatsu, ka huda, ka ɗaure da noti. Guda biyu kan ci mini rabin yini. Gefen taya kuwa, wanda nake yin igiyar takalmi da shi, babu waya. In ka jiƙa wuƙa, yankan sabulu ne. Sai dai sumul yake, ba ya kama komai in ƙasa ta jiƙe. Duk mai faci ya san haka.

Sau biyar ko shida na yi masa aikin yadda ya kamata. Sai wata Laraba da damina ya kawo da safe, ya ce zai karɓa bayan azahar. Bayana yana ciwo, bakin zartona ya mutu, kuma na ji ƙyuyar tashi in sayo wani. Ba wani uzuri ba ne, shagon da ake sayarwa ina hango shi daga rumfata. Na jawo tsohuwar taya na yanki gefenta. Da na ga santsin ya fito fili, sai na sa wuƙa na tsattsaga layuka kamar zane, na goga ƙasa a kai don ya yi kama da na da. Wannan gogar ƙasar ita ta fi damuna, domin ita ce shaidar na san abin da nake yi.

Da ya zo ya latsa da babban yatsa.

"Yau kofaton ya yi laushi."

"Tayar waje ce, ɗan ƙauye. Ina ka taɓa ganin irinta?"

Ya yi dariya, ya saɓa ƙafafun a kafaɗa ya tafi.

Washegari aka yi ruwa da safe. Yana talla a ƙofar wani sabon shago mai dandamalin siminti, ya yi sama, da ya diro ƙafar dama ta zame. Gwiwar ta juya. Aka kai shi asibiti, daga baya aka koma wurin mai ɗori. Kowa ya ce ruwa ne, ƙaddara ce. Ni ma haka na ce, har muryata ta fi ta kowa. Matata ta riƙa dama kunu, ni nake kai masa a babur, in zauna a bakin tabarma ina cewa Allah ya sawwaƙe.

Na so in ɗauke ƙafafun in cire rufin kafin wani ya duba. Na tambayi matarsa inda suke, ta ce ya sa an tura masa su ƙarƙashin gado. Ban sake tambaya ba.

Wata huɗu ina kai kunu ina dawowa da maganar a bakina. Ran nan na same shi shi kaɗai a zaure, ya miƙe ƙafar a kan filo. Na faɗa masa komai, har gogar ƙasar. Bai ɗago ba.

"Na gani tun satin farko," ya ce. "Zanen wuƙa da na kamfani ba ɗaya ba ne."

"To me ya hana ka magana?"

"In faɗa wa wa? Yaya? Ta yi yaya da kai, ta yi yaya da ni?"

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma kada in kuskura ta ji. Ban gaya mata ba har yau, shi ya sa ban sa sunan kowa a nan ba.

Gwiwar ta warke, amma ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya sayar da ƙafafun, ya kafa teburin cajin waya kusa da gidansu. Ranar Juma'a masallaci ɗaya muke zuwa. Yana zuwa da kujerar roba ya ajiye a ƙarshen sahu, kusa da dattawa, shi da bai kai arba'in ba. In liman ya yi sujada ni sai in kai goshina ƙasa, shi kuma ya sunkuya a kan kujera. In an sallame nakan ɗaukar masa kujerar zuwa bakin titi. Wani lokaci ya bar mini, wani lokaci ya ce in bari, zai iya.